Tozo a Kan Ruwa: Fina-finan Dodon Tafki da Masu Tankaɗe Su

Ranar 23 ga Afrilu, 1960, da misalin ƙarfe tara na safe, wani injiniyan jiragen sama mai suna Tim Dinsdale yana gangarowa a mota ta kan tudun da ke saman ƙauyen Foyers, a arewacin Sukotland, sai ya hango wani abu a kan ruwan tafkin Loch Ness. Ya taka birki, ya ɗauko madubin hangen nesa. Abin da ya ce ya gani tozo ne, ja mai duhu, da tabo a gefe guda. Yana cikin kallo sai abin ya motsa. Dinsdale ya juya kan kyamararsa ta Bolex, mai ɗaukar fim na milimita 16, ya fara ɗauka. Abin ya doshi ɗaya gaɓar yana tsaga ruwa, da ya kusa isa sai ya karkata ya bi gefen gaɓa. Duka-duka abin da ya shiga fim ɗin kamar minti ɗaya ne, baƙi da fari, daga nisan da ya haura kilomita ɗaya.

Bayan mako bakwai, ranar 13 ga Yuni, BBC ta nuna fim ɗin a shirinta na Panorama, Birtaniya ta ɗauka. Dinsdale ya ajiye aikinsa na injiniya, ya ƙare sauran rayuwarsa yana komawa bakin tafkin har ya rasu a 1987, bai sake ɗaukar abin da ya kai na farkon ba. Har yau, in masu imani da dodon suna kawo hujja, wannan minti ɗaya suke fara ambata. Yadda aka yi da shi, da ire-irensa daga Kanada zuwa Kwango, tarihi ne na wata sana'a da ba a cika ba ta haƙƙinta ba, wato zama a tankaɗe hoto a rairaye shi har a gane abin da ke ciki. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ba masu zama a ofis suna dariya ba ne. Mutane ne da suka je bakin ruwan da fatan ganin dodo, suka daɗe a can har ruwan ya koya musu wani abu dabam.

Sai an san tafkin kafin a gane abin da ya sa magana ta yi tsawo. Tsawonsa ya kai kilomita 36, zurfinsa mita 230, kuma ruwan da ke cikinsa ya fi na dukkan tafkunan Ingila da Wales in an haɗa. Ruwan baƙi ne, domin koguna suna kwaso ruɓaɓɓen ciyayi daga kan tuddai su zuba a ciki, mai nutso ba ya ganin abin da ya wuce 'yan mitoci a gabansa. Akwai tsohon labari na wani waliyyin Kirista, Columba, da aka ce ya tsawata wa wata dabbar ruwa a ƙarni na shida, amma an rubuta shi kimanin shekara ɗari bayan rasuwarsa, kuma a kogin Ness abin ya faru, ba a tafkin ba. Dodon da duniya ta sani ɗan 1933 ne. A shekarar aka gama gyara titin da ya bi gaɓar arewa, aka sare itatuwa, masu mota suka sami damar kallon ruwan a fili. Ranar 2 ga Mayu jaridar Inverness Courier ta buga rahoton Alex Campbell cewa wasu miji da mata sun ga wata ƙatuwar dabba tana birgima a ruwa. A watan Yuli wani ɗan Landan, George Spicer, da matarsa suka ce sun ga wani abu mai dogon wuya ya tsallaka titi a gabansu. Kafin shekara ta fita jaridun Landan sun sauka a wurin.

Daily Mail ta ɗauko wani mafaraucin manyan namun daji, Marmaduke Wetherell, ta tura shi a watan Disamba. Cikin 'yan kwanaki ya ce ya sami sawu a bakin ruwa. Aka zuba siminti a sawun, aka aika wa gidan adana tarihin halittu na Landan. Amsar da ta dawo a farkon 1934 ta zubar masa da mutunci: sawun dorina ne, kuma duk na ƙafa ɗaya, wato an yi ta danna busasshiyar ƙafar dorina ne a laka, irin wadda mafarautan Turawa ke mayarwa kayan adon falo. Jaridar da ta aike shi ita ta fara yi masa ba'a.

Wata uku bayan haka, ranar 21 ga Afrilu, 1934, Daily Mail ɗin ta buga hoton da ya zama fuskar dodon a duk duniya: siririn wuya da ɗan ƙaramin kai sun fito daga ruwa. An ce wani likitan mata daga Landan, Robert Kenneth Wilson, ne ya ɗauka, kuma darajar sana'arsa ta sa mutane ba su yi gardama ba. Shekara 60 hoton yana yawo a littattafai. A 1994 wasu masu bincike biyu, David Martin da Alastair Boyd, suka fitar da abin da Christian Spurling, agolan Wetherell, ya gaya musu yana ɗan shekara 90, dab da rasuwarsa. Jirgin ƙarƙashin ruwa ne na wasan yara aka sayo a kantin Woolworths, Spurling ya ƙera masa wuya da kai, Wetherell da ɗansa Ian suka kai shi tafkin suka ɗauki hoto, aka bi ta hannun likitan don a yarda. Ramuwar gayya ce a kan jaridar. Tsayin abin bai wuce santimita 30 ba. A hoton asali, kafin a datse gefunansa, ana ganin ɗaya gaɓar a can nesa, dodon kuwa ɗan ƙaramin abu ne a tsakiyar ruwa, sai da aka yanke duk abin da ido zai gwada girma da shi sannan ya zama ƙato. Abin lura game da Boyd shi ne ya yi imani da dodon, ya ce shi da kansa ya ga wata babbar dabba a tafkin a 1979. Duk da haka shi ya rushe hujja mafi shahara ta ɓangarensa.

Tun farko an san hoto ɗaya yana da sauƙin haɗawa, don haka fata ya koma kan fim. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma mutanen wancan zamani sun ɗauka abin da ke motsi a majigi ba zai yi ƙarya ba. A 1934 wani attajiri, Sir Edward Mountain, ya ɗauki mutum 20 aiki, ya ba su kyamara da madubin hangen nesa, suka yi mako biyar suna gadin tafkin. Shugabansu, James Fraser, ya ɗauki wani guntun fim a watan Satumba, masana dabbobi da suka kalla suka ce sil ce, dabbar tekun nan mai shayarwa da kan biyo kifi ta kogi ta shigo tafkin. A 1938 wani ɗan yawon buɗe ido daga Afirka ta Kudu, G. E. Taylor, ya ɗauki minti uku a fim mai launi. Masanin dabbobi Maurice Burton, wanda a da yana ganin akwai dodon, ya duba shi ya ce wani abu ne marar rai yake yawo a kan ruwa.

Fim ɗin Dinsdale ya fi waɗannan nauyi saboda mutumin da ya ɗauka. Babu wanda ya san shi da ya taɓa zarginsa da ƙarya, kuma ya yi abin da mai hankali zai yi: a ranar ya sa aka tuƙa ƙaramin jirgi mai inji ta hanyar da abin ya bi, ya ɗauka daga wurin da ya tsaya, don a gwada. A 1966 fim ɗin ya isa hannun JARIC, cibiyar nazarin hotunan leƙen asiri ta rundunar sojan saman Birtaniya, mutanen da aikinsu shi ne duba hoton da jirgi ya ɗauko daga sama su faɗi abin da ke ƙasa. Suka auna, suka ce abin ya kai gudun mil 10 a awa, sun fi karkata ga cewa mai rai ne. Masu imani suka riƙe wannan rahoto gam. Sojoji ne fa suka faɗa.

Amma rahoton yana da ɓaraka, kuma an ɗauki shekaru kafin a gan ta. Kyamarar Dinsdale ba ta batir ba ce, sai an murɗa mata wani da hannu, kuma ya riƙa tsayawa yana ci gaba don kada fim ya ƙare masa. Marubuci Steuart Campbell ya nuna cewa masu lissafin sun ɗauki fim ɗin tamkar an ɗauke shi a jere ba tsayawa. In an manta da lokacin da kyamara ke tsaye, tafiyar za ta zama kamar an yi ta cikin ɗan lokaci, gudun ya fito fiye da yadda yake. Da an gyara lissafin sai gudun ya sauko daidai da na jirgin masu kamun kifi. Wata hujjar JARIC ita ce jirage kan sha fenti mai haske, da jirgi ne da an gane, alhali jiragen katako masu duhun launi ba baƙi ba ne a tafkin. Daga baya Adrian Shine, wanda ya fara neman dodon tafki a Sukotland tun 1973, ya ɗauki hotuna ɗai-ɗai na fim ɗin ya ɗora su kan juna don dishi-dishin ya ragu. Wani ɗan haske ya bayyana a bayan abin, daidai inda matuƙi ke zama. Burton ya faɗi tun farkon shekarun 1960 cewa jirgi ne, ba a saurare shi ba.

Bai dace a raina Dinsdale a kan wannan ba. A nisan da ya haura kilomita, abu mai tsawon mita huɗu ko biyar ɗigo ne kawai a fim na milimita 16. Mutumin ya yi kwanaki yana gadi ba isasshen barci, ranar komawarsa gida ce, kuma ya karanta labaran tozo tun kafin ya zo. Idonsa ya ba shi abin da zuciyarsa ta shirya gani, kyamara kuma ba ta da ƙarfin da za ta ƙaryata shi.

Bayan fim ɗin nasa aka shiga wani dogon gadi a tafkin. A 1962 ɗan majalisa David James da masanin tsuntsaye Peter Scott da wasu suka kafa ofishin binciken Loch Ness. Shekara goma 'yan sa-kai suna zuwa duk lokacin zafi, suna kafa manyan kyamarori masu jawo nesa a kan motoci, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Lissafinsu mai sauƙi ne: in mutane na ganin dodon a kan hanya ba shiri, to masu shiri za su kama shi tar. Aka rufe ofishin a 1972 ba su kama ba. Fim mafi kyau da suka samu shi ne wanda wani matashi, Dick Raynor, ya ɗauka a 1967, wani farin layi yana tafiya a kan ruwa. Raynor ya ci gaba da aiki a tafkin shekara da shekaru, yana tuƙa jirgi yana kallon tsuntsaye, a ƙarshe ya fito ya ce abin da ya ɗauka tsuntsayen ruwa ne. A 1970 Farfesa Roy Mackal na Jami'ar Chicago ya nutsar da kyamarori shida da ƙugiya mai abinci, yadda in wani abu ya ja za su ɗauka. An tsinci ɗaya a 2025, a zurfin mita 180, lokacin gwajin wani jirgin ƙarƙashin ruwa marar matuƙi. Da aka wanke fim ɗin, duhun ruwa ne kawai a ciki.

Abin da shekarun nan suka tara shi ne sanin halin tafkin. Loch Ness wani ɓangare ne na hanyar jirage ta Caledonia da aka buɗe a 1822, kuma siriri ne mai gaɓa a tsaye. In jirgi ya wuce ranar da ruwa ya kwanta, igiyar da ya tayar takan bugi gaɓa ta dawo, ta haɗu da 'yar'uwarta a tsakiya, su ta da jerin tozaye baƙaƙe masu tafiya, alhali jirgin ya daɗe da ɓacewa. A ƙarƙashi kuma, inda ruwan ɗumi ya hau kan na sanyi, akwai wata igiyar da ido ba ya gani, wadda kan ja gungumen itace ya yi gaba da iska kamar mai iyo. Barewa kan tsallaka da iyo, kai da wuya kawai a waje. Agwagin ruwa in suka ruga a kan ruwa daga nesa layi kawai ake gani. A 2003 ma'aikatan BBC suka ɓoye wani dirken shinge a ƙarƙashin ruwa, suka ɗago shi a gaban wata motar 'yan yawon buɗe ido, sannan suka ce kowa ya zana abin da ya gani. Yawancinsu sun zana abu mai kusurwa, amma wasu sun zana kan dodo. A shekarar ce kuma aka share tafkin da na'urar sona, mai aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa, ba a sami wata babbar dabba ba. Kafin nan, a 1987, Shine ya jagoranci jirage 24 a jere sun yi irin wannan shara, suka sami alamu uku da ba su iya fassarawa ba, suka kuma gano kututturen da wani hoton ƙarƙashin ruwa na 1975 ya nuna a matsayin kan dodo.

Ba Sukotland kaɗai ke da dodo ba, kuma duk inda aka je matsalar guda ce. A tafkin Okanagan na Kanada, inda ake kiran dodon Ogopogo, wani mai suna Art Folden ya ɗauki fim a 1968 na wani baƙin abu yana nutso yana fitowa. An daɗe ana cewa ƙato ne. A 2005 masu bincike Benjamin Radford da Joe Nickell, tare da John Kirk wanda shi mai imani ne, suka nemo wurin da Folden ya tsaya, suka sa jirgi a ruwa suka auna da kayan safiyo. Sai ga shi abin ya fi kusa da gaɓa sosai fiye da yadda aka zata, wato ƙarami ne kuma ba shi da saurin da aka ba shi. Wani bidiyo na 1989 daga tafkin, masana namun daji sun ce biba ce, dabbar ruwa dangin ɓera mai faffaɗar wutsiya.

Na tafkin Champlain, tsakanin Amurka da Kanada, ya fi koyar da darasi. A 2005 wasu masunta biyu suka ɗauki wani abu yana motsi dab da fuskar ruwa kusa da jirginsu. Gidan talabijin na ABC ya kai wa wasu tsofaffin ƙwararrun FBI biyu masu nazarin hoto, suka ce bidiyon na gaske ne, ba a taɓa shi ba. Wannan rabin maganar shi ya bazu. Ɗaya rabin, wanda ɗayansu ya ƙara, shi ne bai ga ko wuri ɗaya a bidiyon da dabba ta fito fili ba. A nan mutane da yawa ke zamewa, har da 'yan jarida. Ƙwararre zai iya rantsewa cewa ba a yi wa bidiyo coge ba, amma wannan shaida ce a kan bidiyon, ba a kan abin da ke cikin ruwan ba. Bidiyon gungume na gaskiya bidiyon gaskiya ne.

A Turkiyya, bidiyon dodon tafkin Van da Ünal Kozak ya fitar a 1997 ya zagaya gidajen talabijin na duniya. Masu tankaɗe suka lura kyamarar ba ta taɓa juyawa hagu, gefen da abin ke dosa, inda jirgi mai ja zai kasance, kuma kumfar da ke fita ba ta yankewa kamar numfashi, a jere take kamar daga tiyo. Ga shi kuma ruwan Van kanwa ce zalla, a lokacin nau'in kifi ɗaya aka sani yana rayuwa a tsakiyarsa. A Aisland kuwa, a watan Fabrairun 2012, wani manomi, Hjörtur Kjerúlf, ya ɗauki wani dogon abu yana lanƙwasa kamar maciji a kogin da ke zuba a tafkin Lagarfljót, inda labarin dodo ya faro tun 1345. Miliyoyin mutane sun kalla a intanet. Wata mai bincike daga Finlan, Miisa McKeown, ta yi abu mai sauƙi: ta gwada kan abin da wasu alamu da ke tsaye a gaɓa, hoto bayan hoto. Ko taƙi bai matsa ba. Ruwa ne ke gudu ta gefensa, shi kuwa a maƙale yake, alama ragar kamun kifi ce da ƙanƙara ta lulluɓe. Duk da haka a 2014 kwamitin mutum 13 da ƙaramar hukumar yankin ta kafa ya kaɗa ƙuri'a, bakwai suka ce dodo ne, aka ba manomin kyautar kurona 500,000. Manomin bai yi laifi ba, abin da ya gani ya ɗauka. Kwamitin ne ya ɗauki abin da awo ya riga ya warware ya mayar da shi abin ɗaga hannu.

Afirka ma tana da nata. A tafkin Tele, cikin fadamun Likouala na Kwango Barazabil, an daɗe ana neman dodon da ake kira mokele-mbembe, kuma Mackal ɗin nan na Chicago ya je yankin har sau biyu, a 1980 da 1981. A 1983 wani masanin dabbobi ɗan ƙasar, Marcellin Agnagna, ya ce ya gan shi, amma fim ɗinsa bai fito ba saboda kuskuren sarrafa kyamara. A 1992 wasu 'yan Japan suka ɗauki daƙiƙa 15 daga jirgin sama, wani abu yana tsaga ruwa da wani tsini a gabansa. Waɗanda suka san yankin sun ce ya fi kama da mutum biyu a kwalekwale, ɗaya a tsaye yana tuƙi.

Masu imani suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ruwa ba ya tsami banza, rajistar da Gary Campbell ya kafa ta tara rahoton gani fiye da 1,100 a Loch Ness, ba zai yiwu duka maƙaryata ne ba. Gaskiya ne, mafi yawansu ba maƙaryata ba ne. Sukan kuma tuna da kifin silakan, wanda masana suka ɗauka ya ƙare tun miliyoyin shekaru, sai ga shi a ragar masunta a gaɓar Afirka ta Kudu a watan Disamban 1938. Sai dai wannan misali a kansu yake komawa, domin abin da ya rufe bakin masana shi ne gawar kifin da Marjorie Courtenay-Latimer ta ɗauka ta kai gidan tarihi, ana taɓawa ana aunawa. Haka ayu yake a kogin Neja da Binuwai: ɗan ɓuya ne, mutane ƙalilan ne suka gan shi da rai, labarai sun yi masa yawa, amma ba mai musun akwai shi, tunda Sarkawa sun kama shi, an ga fatarsa da ƙashinsa, an san mansa a kasuwa, har farautar ta kai ana tsoron ƙarewarsa. Dabba mai numfashi da iska, mai haihuwa, mai mutuwa, ba za ta yi shekara 90 a tafki mai titi a gefensa ba tare da ta bar ko haƙori ɗaya ba. Tafkin ma kansa ƙanƙara ce ta cika shi har zuwa kimanin shekara 10,000 da suka wuce, dabbobin nan masu dogon wuya da ake kwatanta dodon da su kuwa sun ƙare tun shekara miliyan 66.

Akwai kuma abin da zamanin waya ya fallasa. Duk dabbar da ke nan da gaske, in kyamara ta ƙara kyau hotonta ƙara fitowa yake. Ƙatuwar dabbar tekun nan mai hannaye goma, wadda matuƙa suka daɗe suna ba da labarinta, masanin Japan Tsunemi Kubodera ya ɗauki hotonta da rai a 2004 a zurfin mita 900, a 2012 kuma aka ɗauki bidiyonta tar, har ana ganin idonta. Loch Ness yana karɓar dubban ɗaruruwan baƙi a shekara, kusan kowa da kyamara a aljihu, ga wasu kyamarorin da ke kallon ruwan dare da rana ta intanet, amma dodon yana nan a ɗigonsa na 1960. Bidiyon da Gordon Holmes ya ɗauka a watan Mayun 2007, na wani baƙin abu yana tafiya, Shine ya yaba shi a matsayin ɗaya daga cikin mafi kyau da ya gani, sannan ya ce zai iya zama karen ruwa ko sil ko tsuntsu, domin babu komai a cikin hoton da za a gwada girma da shi. In kuwa hoto ya fito tar, sai a tarar da hannun mutum a ciki. A 2012 wani matuƙin jirgin 'yan yawon buɗe ido, George Edwards, ya fitar da hoton tozo mai kyau, a 2013 ya amsa cewa tozon roba ne da aka ƙera don wani shirin talabijin. Kuɗi na cikin maganar, tunda an ƙiyasta dodon na kawo wa Sukotland kimanin fam miliyan 41 a shekara. Yanzu da kwamfuta ke iya ƙera bidiyo daga ba komai, masu bincike ba sa fara tambayar me ake gani, sai sun tambayi wa ya ɗauka, a ina ya tsaya, ƙarfe nawa, ina asalin fayil ɗin, kuma me ke gefen hagu da dama da aka yanke.

Wanda ya tona asirin tozon Edwards shi ne Steve Feltham, mutumin da ya sayar da gidansa ya bar aikinsa a 1991, ya tare a wata tsohuwar motar ɗakin karatu a bakin ruwa a ƙauyen Dores, yana ƙera 'yan dodanni da yumɓu yana sayarwa don ya ci abinci. Ba wanda ya kai shi son a ga dodon, shi ya sa ƙarya ta fi yi masa ciwo. A 2015 ya ce bayan duk shekarun nan abin da ya fi zato shi ne wani ƙaton kifi ne dangin tarwaɗa, da wataƙila aka zuba a tafkin a zamanin Sarauniya Biktoriya.

A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago da ke Niyu Zilan ya zo ba da kyamara ba, da kwalabe. Duk mai rai yana zubar da ɓurɓushin fata da majina da kashi a ruwan da yake zaune, kuma ana iya karanta ƙwayoyin halittar DNA da ke cikinsu. Tawagarsa ta ɗebi ruwa sau 250, daga sama har ƙasa, daga wannan kai zuwa wancan. Sakamakon da ya bayyana a watan Satumban 2019 ya nuna kifaye da tsuntsaye da barewa da shanu da mutane, da ɗimbin ƙananan halittu, babu ko alamar dabba mai rarrafe. Kifin nan mai siffar maciji kuwa an same shi a duk wurin da aka ɗebi ruwa, ko da yake Gemmell ya ce DNA ba ta faɗin girma, yawan ƙananan ma zai iya ba da wannan sakamako. Ƙaton kifin da Feltham ya yi zato, shi ma ba a sami ɓurɓushinsa ba.